Kun Tambaya, Mun Amsa: Yaya Ake Rage Yawan Sojoji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Idan ƙasa ta ce za ta rage sojojinta, takardar sallama kawai ake raba musu kamar ma'aikatan kamfani, ko akwai tsarin da ake bi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Sallamar dole ita ce matakin ƙarshe. Da rage ɗaukar kurata ake farawa. Kowace shekara akwai masu ritaya, da waɗanda wa'adin aikinsu ya cika, da waɗanda rashin lafiya ya fitar. In ba a cike gurbinsu duka ba, adadi zai sauka da kansa.

Wannan hanya ba ta da hayaniya, shi ya sa gwamnatoci ke son ta, amma a ganinmu ta fi kowace cizo daga baya. Galibi rundunar soja ba ta ɗauko saje ko manjo daga cikin farar hula. Kusan kowa daga ƙaramin muƙami yake tasowa. Kurtun da ba a ɗauka bana ba, shi ne sajen da za a nema a rasa nan da shekara goma. Giɓin haka zai yi ta hawa daga muƙami zuwa muƙami, ga manya sun yi yawa, ƙanana sun yi kaɗan.

Sai kuma a sa kuɗi a nemi masu tafiya don raɗin kansu. Bayan Yaƙin Cacar Baka, Amurka ta rage dakarunta daga kimanin miliyan 2.1 zuwa miliyan 1.4. A 1992 ta ba masu son fita zaɓi: kuɗi a dunƙule, ko biya shekara-shekara. Daga 1993 ta yarda a yi ritaya da shekara 15 maimakon 20, da ragaggen fansho. Matsalar ita ce masu saurin miƙa hannu su ne waɗanda aiki ke jira a waje, irin matuƙan jirgi da injiniyoyi. Don haka ake keɓe tayin ga wasu muƙamai da fannoni, a kuma ƙi amincewa da buƙatar wanda ba a son rasawa.

In adadin bai cika ba, kwamiti ke zama ya duba fayil-fayil: rahoton aiki, ladabtarwa, gwajin ƙarfin jiki. A Amurka, hafsan da ƙarin girma ya tsallake sau biyu galibi sai ya tafi. Wanda aka sallama bayan shekara 6 amma bai kai 20 ba, cikakken kuɗin sallamarsa shi ne kashi 10 cikin 100 na ainihin albashin shekara, a ninka da shekarun aikinsa. Mai shekara 10 ke nan zai tashi da albashin shekara guda. Birtaniya ma, da za ta rage sojojin ƙasa daga 102,000 zuwa 82,000, a rukuni huɗu ta yi sallamar tsakanin 2011 da 2014.

Sallamar lokaci guda kuwa an gan ta a Iraƙi. A watan Mayun 2003 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya tafiyar da mulkin Iraƙi bayan mamaye ta, ya rushe rundunar ƙasar baki ɗaya, dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya bindiga suka wayi gari ba aiki, da dama daga cikinsu suka shiga ƙungiyoyin 'yan tawaye.