Me ya sa muke sassare gefen tsohon titi kafin mu haɗa masa sabo

Yarona, tambayar da ka yi mini jiya a bakin tankar ruwa ban samu na amsa maka yadda ya kamata ba saboda tifofi sun yi layi suna jirana. Ka ce wai Oga tunda faɗaɗa titi aka ce mu yi, me ya sa ba za mu zuba burji a gefe kawai mu baje mu shimfiɗa kwalta ba, sai mun tsaya muna yanka gefen tsohon kamar matattakalar bene, sannan muna zuba ƙasa kaɗan-kaɗan kamar masu jin tsoronta. Toh ga amsar, ka karanta a natse don nan ne aikin namu yake gaba ɗaya.

Fara da sanin waye zai hau titin nan. Hanyar Kano zuwa Katsina ba don ƙananan motoci ake mata wannan hidimar ba, ka tsaya a Dawanau da yamma ka ga abin da ke fita, tireloli ne cike da masara da gero da wake da riɗi da zoɓo, wasu su bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya har Katsina, daga can Jibiya su tsallaka Maraɗi, sannan a dawowa ga na dabbobi ga na albasa, ga tankokin mai ga masu siminti. Ƙaramar mota ko sau dubu ta wuce titi bai san ta wuce ba. Tirela ɗaya mai obalodi kuwa sai ya ji a jikinsa. An gwada wannan a Amurka tsakanin 1958 da 1960, aka gina titi musamman a jihar Ilinoi aka yi ta zagaya shi da manyan motoci har ya lalace, abin da aka gano shi ne in ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da zai yi wa titi ba sau biyu ba ce, kusan sau 16 ce. Ƙasashen Afirka ta Yamma da ke kashe sefa irin su Nijar tun 2005 suka yi doka cewa layin tayar baya guda ɗaya kada ya wuce tan 11 da rabi. Yanzu ɗauki wanda ya ɗora tan 16 a wurin, a idonsa ɗan ƙari ya yi, amma a wurin titi kamar tirela kusan huɗu masu lodin ƙa'ida ne suka wuce lokaci guda. Kuma ina tirela take bi? Hannun da ke gefe, can wajen kafaɗar titi. Wato daidai inda muke ƙarawa ɗin nan, sabon wurin da bai taɓa ɗaukar komai ba shi za a fara ɗora wa mafi nauyin kaya tun ranar da aka buɗe.

Shi tsohon titin shekara da shekaru motoci na taka shi, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta gama zama, babu inda za ta ƙara nutsewa. Namu sabo ne, dole ya ɗan zauna komai ƙoƙarinmu. In ka jingina sabuwar ƙasa a jikin gangaren tsohuwar haka kawai, ba su kama juna ba, kamar ka yaɓa ɗanyen laka a busasshiyar katanga ba ka feƙe ta ba, damina ɗaya zai sulale ya bar maka tsaga doguwa tana bin titin kamar an ja layi da reza. Ruwa ya samu ƙofa kenan. Shi ya sa muke yanka matattakalar, kowane hawa na sabuwar ƙasa ya samu wurin zama a kan tsohuwar, rola kuma ta samu fili ta taka mahaɗar da kanta. Kuma gefen tsohon titi dama shi ne mafi rauni, ciyawa da saiwa da yashin da iska ta tara, duk sai mun kwashe mun kai ga ƙasa mai ƙarfi, ko da kwaltar ma muna yanke bakinta da ya gutsittsire mu shiga ciki kaɗan. Wani abu kuma da safiyo mai awon titi ya sani amma ba kowa ke lura ba, ba a so mahaɗar ta faɗo daidai inda taya ke bi, ana so ta zo kan layin fenti ko tsakiyar hannu inda taya ba ta cika takawa ba.

Batun zuba ƙasa kaɗan-kaɗan kuwa, ka taɓa ganin mata na daɓen ɗaki a ƙauye? Ba sa tula ƙasa su hau bugu, sai su baza tsakuwa daidai, su yayyafa ruwa, su bi da maɗabi, su ƙara yayyafawa su ƙara bi har sai ƙasan ya yi ƙarar dutse. Aikinmu kenan, maɗabin ne kawai ya zama rola. Ƙarfin rola yana da iyakar zurfin da yake kaiwa, shi ya sa muke tsayawa a wajen santimita 15 bayan an danne, in ka zuba rabin mita lokaci ɗaya saman zai yi maka kyau sumul har ka ji daɗi amma cikin gari ne, kuma tirela za ta gano shi ko da injiniya bai gano ba. Ruwan ma da ƙa'idarsa. Busasshiyar ƙasa ba ta dannuwa, wadda ta sha ruwa da yawa kuma sai ka ga tana lotsawa tana tasowa gaban rola kamar katifa. Ɗebi a hannunka ka dunƙule, in ta kama ta tsaya ba ta jiƙa maka tafi ba, ka karya ta ta rabu biyu ba ta wargaje ba, toh ta yi. Wannan na hannu ne don ka san inda kake, amma hukuncin na masu gwaji ne, waɗanda kake gani suna haƙa ɗan rami suna cika shi da yashi suna aunawa. In sun ce bai kai ba kar ka tsaya musu, a farfasa a sake.

Ina gaya maka wannan ne da zafi don ya taɓa faruwa da ni. Ina da ƙuruciya lokacin, a wani aiki daban, hadari ya haɗo ga sauran wajen mita 200 mu rufe, na ce da mai gireda ya haɗa hawa biyu a ɗaya mu gama kafin ruwa ya sauko, matattakalar ma ban yanka ta da kyau ba. Aka yi kwalta, kowa ya yaba. Bayan damina na dawo ta wurin na tarar da tsagar nan tun daga inda na fara gaggawar har inda na tsaya, gefen ya sauka ya yi kwari, an ce wata motar hatsi ta kwanta a wurin da daddare, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don na san hannuna ne, kuma da direban ya mutu ban san me zan ce wa Ubangiji ba.

Sai ruwa. Hannu ɗaya na babban titi faɗinsa mita 3.65 ne, biyu 7.3, kuma ba a kwance yake ba, yana da ɗan gangare kamar kashi 2 da rabi cikin ɗari, wato a hannu ɗaya wajen santimita 9 kenan daga ciki zuwa gefe. Sabon da muka ƙara dole ya ci gaba da wannan gangaren, in ya ɗaga ko da yatsa biyu ne ruwa zai kwanta a mahaɗar. Kwalbati ma haka, duk wanda ke ƙarƙashin tsohon sai an ƙara masa tsawo kuma gindinsa ya zo daidai da na da, in ba haka ba yashi ya toshe shi ruwa ya koma gonakin mutane ko ya ci gindin titin. Kuma ka kula da cikon da ke jikin kwalbati, babbar rola ba ta isa lungun, sai da ƙaramin inji a hankali, yawancin tudun da kake jin mota na dukansa a bakin kwalbati daga nan ne aka yi ha'inci.

Akwai abin da ba a hannunmu yake ba amma yana ci mini rai. In aka faɗaɗa titi ba a yi wa tireloli wurin tsayawa ba a bakin kasuwa da cikin garuruwa, sabon hannun shi za su mayar tasha, titin ya koma yadda yake da, ga gas da baƙin mai suna ɗiga suna narkar da kwaltar, ga nauyi a tsaye wuri ɗaya cikin zafin watan Afrilu har taya ta yi gurbi. Ni ban ga laifin direban da ya taso tun asuba yana neman inda zai yi sallah ya ci abinci ba, wuri ya kamata a ba shi, sannan a sa sikeli a hanya a riƙa auna lodin da gaske. Duk taron da aka kira mu ina faɗin wannan kuma zan ci gaba da faɗa.

Gobe in Allah ya kai mu ka riga tifofi zuwa. Ka ɗauki tef da fegi ka bi matattakalar da aka yanka yau, duk inda ka ga saiwa ko baƙar ƙasa ka sa alama a kwashe, kuma kada ka bar kowa ya juye hawa na gaba sai masu gwaji sun sa hannu a na ƙasa, ko waye ya ce maka ana sauri ka ce ya zo ya same ni.