Ƙwayoyin NK: yawansu daban, ƙarfin kisansu daban

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Samaru, Zariya, ina digiri na biyu kan ƙwayoyin garkuwar jiki na NK (Natural Killer, wato masu kisa bisa ɗabi'a). Jinin mutum biyu ya nuna adadinsu kusan ɗaya, amma na mutum ɗaya sun fi kashe ƙwayoyin ciwon daji. Me ya jawo haka, kuma yaya ake auna kisan?

Amsa: Malama, ƙidaya ba ta gaya miki ko ƙwayar tana da kuzarin aiki. Su Rolf Kiessling suka gano NK a cibiyar Karolinska ta Suwidin a 1975, daga baya aka gano tana huda ƙwayar daji da furotin mai suna perforin, ta zuba mata granzyme, sinadarin da ke kashe ta. Haɗa waɗannan makamai yana cin makamashi. Idan IL-2 ko IL-15, sinadaran aika saƙo na garkuwar jiki, ya zaburar da ita, sai mTOR, furotin mai sarrafa makamashin ƙwaya, ya tashi, ta riƙa zuƙar sukari da yawa, mitokondiriyarta, wato injin makamashinta, ma ta ƙara ƙona iskar oksijin. A cikin ƙari kuwa, ƙwayoyin daji sun wawushe sukarin, sun cika wurin da laktet da TGF-beta, sinadaran da ke danne garkuwar jiki, sai NK ta zama kamar ɗan dako da bai karya kumallo ba. Ƙiba ma tana rage mata ƙarfi, don haka ki rubuta nauyin waɗanda kika ɗebi jininsu.

Awon kansa ba wuya a takarda. Ana haɗa NK da ƙwayoyin K562, waɗanda aka samo daga mai sankarar jini, misali NK 50 ko 25 kan K562 ɗaya, a bar su awa 4 a zafin digiri 37. Tsohuwar hanya ita ce ta kuromiyam-51, tun 1968, amma tana da tururin nukiliya. Ni dai zan ce ki bi ta LDH, sinadarin da ke cikin ƙwaya, ko rinin calcein; ana auna yawan wanda ya zubo daga K562 ɗin da suka mutu. Kada ki manta da rami biyu a farantin: ɗaya K562 zalla, don ganin masu mutuwa da kansu, ɗaya kuma a fasa su duka da sinadarin wanki. Ki cire na farko daga sakamakonki, ki raba da bambancin ramukan biyu, ki ninka da 100.

Inda aikin ke lalacewa a wajenmu shi ne jinkiri. Jinin da aka ɗebo daga Shika, kusa da Zariya, ya sha ranar Afrilu a hanya, ko aka ɗauke wuta a tsakiyar awa huɗun, zai nuna NK ɗin ta yi rauni alhali lafiyarta ƙalau a jiki. Ki sarrafa jinin mutanen biyu rana ɗaya, da K562 na kwalba ɗaya, sannan ki kwatanta.