Ta yaya ake ɗaukar hoton jijiyoyin zuciyar mamaci?

Tambaya: Likita, na ji an ce ana duba jijiyoyin zuciyar mamaci ta hoto ba tare da an feɗe gawa ba. To zuciyar da ta tsaya, me zai zagaya da ruwan da ake ɗurawa? Kuma hoton ya isa a san abin da ya yi ajalin mutum?

Amsa: Malam, ka taɓo inda gizo ke saƙa. Na'urar CT sikan, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana nuna ƙashi da iska sarai, amma cikin jijiyar zuciya, wadda faɗinta galibi bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, ba ya fitowa sai an cika ta da sinadari mai aidin da ke haskawa fari fat a hoto. Tun 1896 aka gwada irin wannan dabarar a Biyana ta ƙasar Ostiriya, a kan yankakken hannu, amma da hoton X-ray da wani sinadarin dabam.

Tun da zuciya ta tsaya, mu ne ke yi mata aikinta. A Lozan ta ƙasar Siwizalan, Farfesa Silke Grabherr da abokan aikinta suna shiga ta jijiyoyin matsematsi, inji ya tura sinadarin gauraye da man farafin ya zagaye jiki duka. Sun zaɓi mai ne domin bangon jijiyar mamaci yana yoyo. Sinadari mai ruwa-ruwa sai ya tsiyaye cikin nama, shi kuwa mai ya tsaya a inda aka sa shi. A Lesta ta Ingila kuwa zuciya kaɗai ake nufa. Ana ɗan tsaga wuya, a zura siririn bututu har gindin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, a hura ɗan balan-balan ya toshe jijiyar ta sama. Sinadarin ba shi da mafita sai bakunan jijiyoyin zuciya biyu da ke nan kusa. A allo za ka ga farin zare yana bin bayan zuciya, inda kitse ya taru ya sirance, inda ya toshe ya yanke ɗif.

Tambayarka ta biyu ita ta fi damuna. Jini yana daskarewa bayan mutuwa, kuma wannan gudan kan yi kama da wanda ya toshe jijiya tun mutum na raye. Sannan tsofaffi da yawa suna yawo da ƙuntatattun jijiyoyi shekara da shekaru, wani abin dabam ya kashe su. Rikicewar bugun zuciya kuwa ba ta barin sawu a hoto ko kaɗan.

Ina matuƙar daraja wannan hanya, don tana raba iyalai da dama da ɗacin ganin an buɗe ɗan'uwansu. Amma sai an haɗa hoton da tarihin ciwon mamaci da gwajin jini, wanda ake ɗiba kafin a ɗura komai. Idan matashi ne ya faɗi kwatsam kuma jijiyoyin suka fito lafiya lau, shawarata a buɗe zuciyar a duba namanta, domin wasu cututtukanta gado ne, 'yan'uwansa na raye ma suna buƙatar gwaji.