Amsar Baffa kan bukukuwan 'yan Wika

'Yata, saƙonki ya same ni bayan La'asar. Kin ce wata 'yar ajinku a Ingila ta gayyace ki taronsu na daren 31 ga Oktoba, ta ce ita 'yar Wika ce. Kina tambaya ko mayya ce, kuma ko ya dace ki je.

Ki fara cire zancen maita daga ranki. Maye a wurinmu mai kama kurwar mutum ne. Su waɗannan addini suke bi, suna bauta wa wata allahiya da wani abin bauta mai ƙaho, suna girmama wata da rana da ƙasa. Wani Bature, Gerald Gardner, ne ya fito da shi fili a 1954, shekara uku bayan Ingila ta soke tsohuwar dokarta kan tsafi. A ƙidayar 2021 mutum kusan 13,000 ne a Ingila da Wales suka ce shi ne addininsu.

Shekara a wurinsu da'ira ce da aka raba gida takwas. Huɗu na bin rana: Yul wajen 21 ga Disamba, yini mafi gajarta, Lita wajen 21 ga Yuni, mafi tsawo, sai Ostara a Maris da Mabon a Satumba, inda dare da yini ke daidaita. Ba za ki gane nauyin wannan ba sai kin ci hunturu ɗaya a can. Mu a Kano yinin Yuni bai fi na Disamba da awa biyu ba, shi ya sa manominmu hadari yake duba, lissafinsa damina da kaka. A Landan kuwa yinin Disamba bai cika awa takwas ba. Shekarar da na fara karatu a can, ƙarfe huɗu na yamma na ga duhu ya rufe, raina ya yi ƙunci har na rasa dalili. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa dole ya ƙidaya ranar da haske zai fara dawowa.

Sauran huɗun gadon makiyaya da manoma ne, galibi na Ailan. Imbolk a farkon Fabrairu, lokacin da tumaki ke shirin haihuwa. Beltan ranar 1 ga Mayu, a da ana kora shanu tsakanin wuta biyu kafin su tafi kiwo. Lammas ranar 1 ga Agusta, da burodin sabuwar alkama. Sai wanda aka gayyace ki, suna rubuta shi Samhain amma Sawin suke faɗa: shanu sun dawo gida, an yanka na yankawa, sanyi ya shigo. 'Yan Wika a daren nan suke tuna mamatansu, su kunna kyandir, su jera hotuna, wasu har da ajiye musu kwanon abinci.

Haɗa takwas ɗin wuri guda sabon aiki ne, na shekarun 1950. Sunan Mabon ma wani Ba'amurke, Aidan Kelly, ya raɗa wa bikin a shekarun 1970. Mabiyansu na Ostareliya juya kalandar suke yi, su yi Sawin a ƙarshen Afrilu, tunda kakarsu ke nan.

Batun zuwa kuma, a'a, kada ki je. Ibada ce: suna shata da'ira, su fuskanci kusurwa huɗu, su kira abin da suke bauta wa. Musulma ba ta da wurin tsayawa a cikin wannan da'irar. Amma kada ki yi mata ƙaryar ciwon kai. Ki gode mata, ki ce addininki bai ba ki dama ba. Mai addini ce, za ta gane. Idan akwai wanda ta rasa, ki yi mata ta'aziyya, ranar Sallah kuma ki kai mata tuwo.

Lahadin ƙarshen Oktoba za su mayar da agogo baya da awa ɗaya, ga yini na gajarta, Azahar da La'asar da Magariba za su matso kusa da juna, sai ki duba jadawalin masallacinku. Innarki na tambaya ko kin sayi rigar sanyi.