Gudun kilomita 21 a shekara 48

Yaya, ka tambaya ko mai shekara 48 zai iya gudun rabin marato. Zai iya, ni ma da furfurata na fara. Amma kilomita 21.1 ne fa, ya zarce tazarar Damagaram zuwa Mirriya.

Fara zuwa wurin likita a auna maka hawan jini da zuciya. Sannan ka ba kanka wata huɗu, gudu sau uku a mako, kana haɗa sassarfa da tafiya, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ni gaggawa ta ci min gwiwa, wata guda ina ɗingishi.

Fita bayan sallar asuba, lokacin hunturu ya fi. Zafin Afrilu kam, ko matasa ba na ba su shawara. Ka riƙe ruwa, kuma kada ka sa sabon takalmi ranar gasa.