Shin An Taɓa Ƙulla Yarjejeniyar Zamantakewa Kuwa?

Tambaya: Malam, a darasin falsafar siyasa an ce mana hukuma ta samo asali ne daga yarjejeniya tsakanin jama'a. Yaushe aka ƙulla ta? Kuma me ya sa har yau ake ambaton Hobbes da Locke, alhali sun mutu fiye da shekara 300?

Amsa: Ɗan'uwa, babu ranar da mutane suka taru suka sa hannu. Abin da ya dami masana falsafa irin su Hobbes da Locke shi ne: da wane haƙƙi mutum zai mulki ɗan'uwansa?

Hobbes yana gudun hijira a Faris lokacin da yaƙin basasa ya cinye Ingila, har aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Bayan shekara 2 Hobbes ya fitar da littafinsa Leviathan. A ganinsa, in babu mai tsawatarwa kowa abokin gabar kowa ne, don haka gara a miƙa wuya ga mai mulki ɗaya a kwana lafiya. Locke bai yarda ba. A 1689 ya ce mutum yana da haƙƙin rai da 'yanci da dukiya tun kafin hukuma, mulki kuma amana ce, wanda ya ci ta jama'a na iya tuɓe shi. Wannan ruhin ne ya shiga Sanarwar 'Yancin Kan Amurka ta 1776. Rousseau kuwa, a 1762, ya mai da ikon hannun jama'a kacokan.

Tambayarka David Hume ya riga ka yin ta a 1748, kuma ina ganin ya yi gaskiya. Ya ce cewa talaka ya amince da hukuma don bai bar ƙasarsa ba, kamar a ɗauki mutum yana barci a sa shi cikin jirgin ruwa ne, sannan a ce ya amince da matuƙin don bai faɗa teku ba.

Kant ne ya ceto tunanin. Ya ce yarjejeniyar ma'auni ce: kowace doka a auna ta, shin jama'a duka za su iya yarda da ita? Nan John Rawls ya ɗora a 1971. Ya ce a ƙaddara mutane suna zaɓen ƙa'idojin adalci a bayan labule, ba wanda ya san ko attajiri zai zama ko faƙiri, mace ko namiji. A 1974 Robert Nozick, abokin aikinsa a Jami'ar Harvard, ya mayar masa da martani da hujjar Locke ta haƙƙin dukiya.