Tambayoyinku kan fasaha: Kwamfuta ta yi maka karatu ba sai da intanet ba

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato yadda mutum zai sa kwamfutarsa ta riƙa mayar da rubutu murya a gida, ya huta da shafukan intanet.

Tambaya: Ina mayar da darussana murya a wani shafi, amma da na cika wani adadin haruffa sai a ce in biya. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, malama. Manyan kamfanonin nan, irin su Amazon Polly da ElevenLabs, da yawan haruffa suke yi miki lissafi. Ki sauke Piper, kyauta ce kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce. Kowace murya fayil biyu ce, ɗaya mai ƙarewa da .onnx, ɗaya da .onnx.json, ki ajiye su wuri guda. Ki tayar da sabar da ke tare da ita, wato manhajar da ke jiran saƙo daga wasu manhajoji, sauran manhajojinki su riƙa tura mata rubutu tana dawo da sauti. Ba mai ƙirga miki harafi.

Tambaya: Kwamfutata tsohuwa ce, ba ta da katin GPU, wato katin sarrafa hoto mai ƙarfin lissafi. Za ta iya?

Amsa: Piper tana gudu a kan Raspberry Pi 4, 'yar kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba. In taka ta kasa, ka ɗauki murya mai matsakaicin inganci, wadda girmanta bai wuce megabait sittin da 'yan kai ba. Manyan manhajojin kwaikwayon muryar mutum ne ke son GPU, kuma ba su ka tambaya ba.

Tambaya: Na kafa sabar murya a gida saboda ba na son takardun aikina su riƙa zuwa hannun kamfanoni. Don in riƙa amfani da ita daga wurin aiki, na buɗe mata ƙofa ta 5000 a rauta, na'urar da ke haɗa gidana da intanet. Tana aiki lafiya lau. Yaya zan ƙara mata sauri?

Amsa: Malam, ajiye maganar sauri tukuna, ka je ka rufe ƙofar nan kafin ka gama karanta amsar. Ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Wannan kuskuren yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin masu yin sa ba jahilai ba ne, mutanen da suka damu da sirrinsu ne har suka ɓata lokaci suka kafa saba.

Ga abin da ka yi. Waɗannan ƙananan sabobin an rubuta su ne don amfanin cikin gida. Yawancinsu ba sa tambayar kalmar sirri, ba sa tantance wanda ya zo, duk wanda ya turo rubutu za su karanta masa. Kuma ta http tsura, wato hanyar aika saƙo ta shafukan intanet, suke magana, ba tare da ɓoye saƙo ba. Ke nan takardar da ka hana kamfani gani, yanzu tana tafiya a fili daga wurin aikinka zuwa gidanka, ta bi ta kan na'urorin mutanen da ba ka sani ba. Kamfanin da ka guda ma, ko ba komai, yana ɓoye saƙon a kan hanya.

Na san abin da za ka ce: wa ya san adireshina? Wannan ita ce maganar da ta fi ɓata mini rai. Ba sai an san ka ba. Adireshin IPv4, wato lambobin da ake gane na'urori da su a intanet, gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da ZMap, manhajar da ke iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkan adireshin nan cikin ƙasa da minti 45 daga kwamfuta guda mai intanet mai ƙarfi. Ga kuma shafin Shodan, wanda aikinsa ke nan dare da rana, tattara jerin na'urorin da aka bari a buɗe. Ba mutum ne zai zauna yana nemanka ba, manhaja ce ke bi gida gida. In ta same ka, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne wani ya cika sabarka da rubutu har kwamfutar ta tsaya cak. Mafi muni, a samu wata ɓaraka a cikin manhajar, a bi ta nan a shiga kwamfutar da hotunan iyalinka suke ciki.

Gyaran ba wuya. Ka goge dokar da ka sa a rauta, ka kashe UPnP, saitin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa, tun da kana wurin. Sannan ka duba adireshin da sabar take saurare. In 0.0.0.0 ne, tana amsa wa kowace na'ura da ta iya isa gare ta. In kwamfutar kaɗai ce ke amfani da ita, ka mayar da shi 127.0.0.1. In kuma dole sai ka same ta daga waje, ka sa WireGuard, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya, ko Tailscale wadda a kansa aka gina ta kuma ta fi sauƙin saiti. Ni da Tailscale nake amfani, kuma ita nake cusa wa duk wanda ya tambaye ni. Wayarka da kwamfutar gida za su ga juna kamar suna ɗaki ɗaya, na waje kuwa ba ya ganin komai.

Saurin da ka tambaya: ka riƙa tura rubutun sakin layi sakin layi, kada ka jibga mata takarda sukutum.

Tambaya: Akwai muryar Hausa da zan iya gudanarwa a kwamfutata?

Amsa: Akwai. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da MMS, mai muryoyi na harsuna fiye da 1,100, har da Hausa, ana samun ta a shafin Hugging Face da sunan mms-tts-hau. Lasisinta bai yarda da kasuwanci ba, don haka kada ka yi tallar kaya da ita. Sai ka yi haƙuri da kurakurai, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, manhaja kuwa ba ta da tabbacin wane "gari" kake nufi, na zama ko na niƙa. Ka taimaka mata: ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, lambobi kuma ka rubuta su da kalmomi. Masu rubuta "kasa" suna nufin "ƙasa" sannan su zo suna zargin manhaja, laifinku ne.

Tambaya: Na ji an ce kamfanin Coqui, mai manhajar mayar da rubutu murya, ya rufe. Manhajarsu da na sauke za ta daina aiki?

Amsa: Kamfanin ya rufe a farkon 2024, amma abin da ke kan kwamfutarki yana nan, ba wanda zai kashe shi daga nesa. Ki kwafe fayilolin muryoyin zuwa wani faifai na daban yau ɗin nan, ki rubuta sigar Python (harshen kwamfuta da manhajar ke gudu a kai) da kike amfani da ita a gefe, saboda ranar da za ki sake ɗora komai.

Tambaya: Ni waya kawai gare ni, Android.

Amsa: Ba ka buƙatar saba. Shiga saitin mayar da rubutu murya, ka sauke bayanan muryar da kake so, ka kashe data ka gwada.